Wa Ya Ce Ilmin Zarra Ba Namu Ba Ne?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokonmu, ɗalibai da ma'aikatan ofis duka, wadda ya kamata a tone asirinta a wannan mujalla tamu. Da zarar an ambaci irin manyan na'urorin da ƙasashen duniya suke ƙerawa don binciken ƙwayar zarra, ko taurarin ɗan'adam da suke harbawa don su kamo hasken gamma daga can ƙuryar sama, sai ka ga wani ya gyara zama, ya taɓe baki, ya ce wannan ai wasan masu ƙoshi ne, mu da ba mu gama da ruwan sha ba, ina mu ina zarra. Sai a bushe da dariya, a ce wane ya faɗi gaskiya, wane mai kishin talakawa ne. To, ni ban ga kishin talakawa a cikin wannan magana ba. Abin da na gani shi ne tsohon karatun da Turawan mulkin mallaka suka biya wa kakanninmu, watau ku naku haƙa da dako, mu namu tunani da ƙira. Yau ga jikoki suna maimaita shi da bakinsu, har suna tsammanin hikima ce.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin yawancin masu wannan raini ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba. A kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janiba, ƙungiyar bincike ta ƙasashen Turai da ake kira CERN ta haƙa rami a zagaye kamar zobe, tsawonsa kilomita 27, zurfinsa wajen mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. A cikin wannan rami akwai na'urar da ta fi kowace girma wajen ingiza 'ya'yan zarra. Akan ɗauki furoton, watau ɗaya daga cikin ƙananan abubuwan da suke tsakiyar ƙwayar zarra, a yi ta tunkuɗa su da wutar lantarki har gudunsu ya kusa kai gudun haske, su riƙa kewaye zoben nan fiye da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya, sa'an nan a gwara su da 'yan'uwansu da suke tahowa daga ɗaya ɓangaren, a duba abin da zai fito. Ta haka ne a shekarar 2012 aka tabbatar da ƙwayar da ake kira Higgs, wadda masana suka yi hasashenta da lissafi tun 1964.

Amma abin da yake gudu haka ba ya son lanƙwasa. Sai an sami maganaɗisu mai tsananin ƙarfi kafin a tilasta masa bin zobe. Saboda haka aka jera manyan maganaɗisu 1,232, kowanne tsawonsa wajen mita 15, kowanne kuma ana zuba masa wuta fiye da ampiya 11,000. Duk wanda ya taɓa ganin wayar gidansu ta ɗauki zafi don an jona dutsen guga da rishon lantarki a soket ɗaya, ya san wayar tagulla ba za ta ɗauki wannan kaya ba, narkewa za ta yi. Mafita ta fito ne daga wani abin mamaki da wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Kamerlingh Onnes ya gano a 1911. Ya sanyaya zaiba har ta kai wajen digiri 269 ƙasa da inda ruwa yake daskarewa, sai ya ga tirjiyar da take yi wa wutar lantarki ta ɓace ɗungurungum, wuta tana wucewa ba zafi, ba asara. Wannan hali shi ake nufi da waya marar tirjiya. Maganaɗisun CERN ana jiƙa su ne cikin ruwan iskar hiliyom, a sanyin digiri 271 ƙasa da daskarewar ruwa, sanyin da ya fi na sararin da ke tsakanin taurari.

Yanzu ga tambayar da nake so masu cewa ba namu ba ne su amsa. Da wane ƙarfe aka yi wayar nan? Da haɗin niyobiyom ne da taitaniyom. Ɗaya daga cikin duwatsun da ake tace niyobiyom daga cikinsu kuwa shi ne wani baƙin dutse, wanda ake kira kwalambait, wanda yake fitowa tare da kuza. A shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da kwalambait a duniya duka. Daga Jos da Bukur aka riƙa loda shi a jirgin ƙasa zuwa teku, Amurka tana saye tana tarawa a zamanin yaƙin Koriya, domin tana bukatarsa wajen ƙera injinan jiragen sama masu jure zafi. Irin duwatsun da suke ɗauke da shi ba a Filato kaɗai suka tsaya ba, sun miƙo har Riruwai ta ƙasar Kano, har Dutsen Wai da ke Kubau, wadda a da take cikin ƙaramar hukumar Ikara. Tun kafin Bature ya zo mutanen Riruwai suna narka kuza a murhunsu, suna zuba ta sili-sili, fatake suna kai ta kasuwanni. Turawa suka zo suka mallake filayen, sana'ar narkewa ta mutu, maƙeri ya koma lebura. A 1942, da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya daga hannun Ingila, aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa, har da lardin Zazzau, ana kai su aikin tilas a ramukan kuza, da yawa sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe su. Kwalambait ɗin kansa da farko zubar da shi ake yi a matsayin datti, sai da kasuwarsa ta buɗe aka koma ana tona jujin.

Ashe ke nan muna cikin wannan sha'ani tun daɗewa, sai dai ta ƙofar baya muka shiga, da kwando a ka. Mu muka san nauyin dutsen, wasu suka san amfaninsa. Yau mafi yawan niyobiyom na duniya daga Birazil yake fitowa, kuma Birazil ba ta tsaya ga haƙa ba, ta gina tata na'urar ingiza zarra mai suna Sirius, a 2024 kuma ta shiga CERN a matsayin ƙawar ƙungiya. Mu kuwa me ya rage mana? Kududdufai a Filato da shanu suke faɗawa, da samari da har yanzu suke shiga rami da fitila a goshi suna tono wa ɗan kwangila abin da ba su san inda za a kai shi ba. Wanda ya ce wa ɗan Ikara ilmin zarra ba nasa ba ne, cewa yake yi ya ci gaba da riƙe kwandon kakansa.

Haka labarin yake game da hasken gamma. Shi wannan haske ɗan'uwan hasken rana ne da hasken hoton ƙashi na asibiti, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, madubi ba ya tara shi. Cikin rahamar Ubangiji iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wanda yake zuwa daga sama, shi ya sa mai son ya auna shi kai tsaye tilas ya ɗora ma'auninsa a kan tauraron ɗan'adam. Yadda aka fara gano walƙiyarsa da take zuwa daga sama ma abin lura ne. Bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin bam ɗin nukiliya a sararin sama, Amurka ta harba taurarin Vela don su yi mata gadi, ko Tarayyar Sobiyet za ta yi gwaji a ɓoye. A watan Yuli na 1967 suka kamo walƙiyar gamma, aka bincika aka ga ba daga duniya ta fito ba. Sai a 1973 aka bayyana wa jama'a. Yanzu an san irin wannan walƙiya tana tasowa ne idan wani ƙaton tauraro ya mutu ya rufta cikin kansa, ko kuwa idan gawarwakin taurari biyu suka yi karo. Tauraron Fermi, wanda aka harba a 2008, ma'auninsa ɗan gidan na'urorin zarra ne, da irin dabarar da ake kama ɓarɓashin karo a ramin bincike aka ƙera shi. Ran 17 ga Agusta 2017 ya kamo walƙiyar wani karo da ya auku a nisan da haske yake shafe wajen shekara miliyan 130 kafin ya ratsa, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna a irin wannan karo ake haifar ƙarafa masu nauyi kamar zinariya. Watau zinariyar da ake kashe juna a kanta a dazukan Zamfara da Birnin Gwari, wasu sun san inda aka dafa ta tun asali.

Mai karatu zai ce, to, wannan labari ne mai daɗi, amma ina ruwan manomin rake na Maƙarfi da mutuwar tauraro? Sai in tuna masa da abin da ya faru ran 13 ga Fabrairu 1960. A ranar Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Hamadar Sahara, a daidai lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙura daga arewa tana zuba ta a rijiyoyinmu da tukwanenmu. Ta sake, ta kuma sakewa, har a watan Janairu na 1961 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa daga Legas. Wannan jarumtaka ce, Allah ya jiƙansa. Amma fushi daban, awo daban. Ƙasar da ba ta da isassun 'ya'yanta masu iya riƙe ma'aunin gamma su ce ga yawan gubar da ta sauka a Kudan, ga wadda ta sauka a Katsina, dole ta karɓi abin da mai laifin ya faɗa mata. Ilmin da ake auna walƙiyar taurari da shi, shi ne dai ake auna ƙurar bam da shi, da ruwan rijiyar da ke kusa da ramin ma'adini. Maƙwabtanmu na Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom tun 1971, sun san darajar wannan awo fiye da kowa.

Su kuma masu cewa a fara da asibiti, na yarda da su ɗari bisa ɗari, sai dai ina so su shiga asibitin su duba abin da ke ciki. Na'urar MRI, wadda ake kwantar da majiyyaci a cikinta a ga ƙwaƙwalwarsa ba tare da an tsaga shi ba, maganaɗisu ne marar tirjiya, da wayar niyobiyom da taitaniyom, da ruwan hiliyom. Masana'antar wannan waya ta bunƙasa ne sa'ad da ɗakin binciken Fermilab na Amurka ya bukace ta da yawa don na'urarsa ta Tevatron da ta fara aiki a 1983. Injin da ake ƙona ciwon daji da shi kuwa, ƙaramar na'urar ingiza zarra ce, ba wani abu ba. Kowa a cikinmu ya san yadda ake yi idan irin waɗannan injuna suka tsaya a ƙasar nan. A rufe ɗaki, a rubuta takarda, a jira injiniya daga Turai, mai ciwon nono kuma ta koma ƙauye ta jira abin da Allah zai yi. Talaka ne yake mutuwa saboda rashin wannan ilmi, domin mai kuɗi jirgi yake hawa zuwa Alƙahira ko Indiya. Wane irin kishin talakawa ne zai ce kada 'ya'yan talakawa su koyi gyaran injin da ran uwarsu ya rataya a kansa?

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ban ce a haƙa zoben kilomita 27 tsakanin Hunƙuyi da Maƙarfi ba. Amurka da kanta ta fara haƙa wanda ya fi na CERN a jihar Texas, ta kashe wajen dala biliyan 2, majalisarta ta soke aikin a 1993. Kuma ina da faɗa na biyu, wanda ya fi na farko zafi, da manyanmu masu son sayen ci gaba a kanti. Su ba su ce ilmi ba namu ba ne, sun ce a kawo shi a akwati, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. A 1979 aka ba da kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajakuta, har yau muna sayen ƙarfe daga waje. A watan Mayu na 2007 aka harba tauraron sadarwa NigComSat-1 da Sin ta ƙera mana, a Nuwamban 2008 ya mutu a sama saboda fikafikansa na hasken rana sun lalace. Mu a nan gida muna da namu darasin, kamfanin tumatir na Ikara da aka kafa a 1981, wanda ya yi shekaru da yawa a rufe alhali tumatir yana ruɓewa a kwanduna a bakin titi. Injin da babu mai hannu a bayansa gawa ce da ba a binne ba. Ko a CERN ɗin, kwana 9 da kunna na'urar a Satumban 2008, mahaɗar waya guda ɗaya da ba a liƙa da kyau ba ta tsinke, hiliyom ya fashe, aka ciro maganaɗisu 53, aka yi fiye da shekara ana gyara. Bambancinmu da su shi ne, su da hannunsu suka gyara.

Abin haushin shi ne ba daga sifiri za mu fara ba. Tun 1976 aka yi dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ta kwanta a takarda shekara 30, sai a 2006 aka tashe ta. A nan Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya ta bincike, ita kaɗai a Nijeriya, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2004. Ƙarama ce, ƙarfinta wajen kilowat 30, kamar dutsen guga 30, ba ta ba da lantarki. Aikinta shi ne a sa mata ɗan samfurin ƙasa ko hatsi ko dutse, a fito da shi, a auna hasken gamma da yake fitarwa, a faɗi kowane sinadari da ke cikinsa da yawansa. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba ya yin bam, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, kuma masananmu suna cikin waɗanda suka yi aikin. A Ile-Ife akwai ƙaramar na'urar ingiza zarra mai ƙarfin bolt miliyan 1.7. Daga Hunƙuyi ko Maƙarfi zuwa cibiyar Zariya bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba. Amma a tara ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a waɗannan garuruwa a tambaye su, nawa ne suka san tana nan? Mu kanmu da muke jami'a, nawa ne a cikinmu suka taɓa taka ƙofarta?

Batun sama ma bai fi ƙarfinmu ba kamar yadda ake tsoratar da mu. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke koyon aiki a Ingila. Jami'ar Fasaha ta Akure ta shiga wani shiri na Japan, a 2017 aka harba ɗan tauraro mai faɗin santimita 10 kowane gefe. To, a Maris na 2021 masanan Hangari da Sulobakiya da abokan aikinsu suka harba ɗan tauraro daidai wannan girma, mai suna GRBAlpha, suka sa masa ɗan ma'aunin gamma. Ran 9 ga Oktoba 2022 walƙiyar gamma mafi ƙarfi da aka taɓa gani ta iso, ta dushe idon manyan taurari masu tsada, ɗan akwatin nan da bai fi gwangwanin madara biyu ba ya auna ƙololuwarta. Kuɗinsa bai kai na jerin motocin da suke raka babban mutum ɗaya ɗaurin aure ba. Hangari ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba.

Indiya tana fama da yunwa sa'ad da Homi Bhabha ya kafa cibiyar bincikensa a 1945, ba ta ce sai ta ƙoshi ba, daga baya ita ta ƙera wa CERN wasu ƙananan maganaɗisu marasa tirjiya. Abdus Salam, Musulmi ɗan wani ƙaramin gari a Pakistan, ya karɓi kyautar Nobel a 1979 a kan wannan ilmi na zarra. A ƙasar Jodan, a 2017, aka buɗe na'urar SESAME, wadda Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Masar da Turkiyya da Pakistan suke cikin masu ita, mutanen da ba sa ga maciji da juna. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane suke zaune a cikinta wadda ba ta da irin wannan na'ura, kuma tun 2015 masanan nahiyar suke taro suna neman a gina. Ranar da za a zauna rabon aikin, da wa za mu aika? Wanda kuma yake ganin lissafi baƙo ne a ƙasar Hausa, ya nemi labarin Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 yana malami abin girmamawa.

Saboda haka faɗan nan daga ƙasa zai fara, kuma a nan ne nake ƙalubalantar 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata. Yaron da ya gama sakandare bai taɓa jona batir da waya da ƙwan fitila da hannunsa ba, wanda aka zana masa maganaɗisu a allo aka ce ya haddace, ba zai zama mai gyaran MRI ba ko da an kai shi Janiba. Jami'ar da aka rufe wata 8 a 2022 saboda yajin aiki ba za ta riƙe masanin da ake zawarcinsa a ƙasashe goma ba. Ku da kuke sakatariyar ƙaramar hukuma, ku kuke rubuta kasafin kuɗi, kun san nawa ake warewa don kayan gwaje-gwaje na makarantu, kun kuma san nawa ake warewa don walimar naɗin sarauta. Ku faɗa da ƙarfi a inda ake jin ku. Mu kuma da muke da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda aikinsu ya zama buga kalanda da raba wa 'yan siyasa lambar yabo, ina ba da shawara a babban taro mai zuwa a kawo ƙuduri a rubuce: duk ɗalibin kimiyya da injiniya a cikinmu ya ba da mako 4 na dogon hutu yana koyar da aikin gwaji a makarantar garinsu, kuɗin kalandar bana a sayi batura da wayoyi da ma'aunan wuta da su, sa'an nan shugabannin ƙungiya su rubuta wa cibiyar makamashi ta Zariya su nemi izinin kawo ɗaliban ajin ƙarshe, maza da mata, mota guda daga kowace ƙaramar hukuma, kafin a fara jarrabawar fita.